Yadda Ake Gane Takobin Ƙwarai

Bayanin da na kawo muku a kan takobi ne, musamman yadda wanda ba shi da kuɗi da yawa, kuma yanzu ya fara sha'awar tara takubba, zai rarrabe na ƙwarai da na banza tun bai zuba kuɗinsa ba.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da takobi, alhali zamanin yaƙi da shi ya wuce? Gaskiya ne yaƙin ya wuce, amma takobin yana nan tare da mu. Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan a kwanakin Salla, zai ga mahaya suna shiga Birnin Zariya, da yawansu rataye da takubba, za su Hawan Salla ko Hawan Bariki ko Hawan Daushe. A gidaje da dama na cikin ganuwa akwai takobin kaka a rataye, an gaje shi hannu da hannu. Ga kuma samari masu dawaki, da masu hawan angwanci, da masu son su ƙawata ɗaki. Saboda haka da Salla ta ƙarato sai cinikin takobi ya tashi, kuɗin iyayenmu da na yayyenmu su yi ta fita.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. To, a wajen takobi abin ya sha bamban, domin mai arahar shi ya fi kowane ado. Za ka gan shi da kube ja da kore, da tuntaye, da mariƙi mai ɗaukar ido. A nan sabon shiga yakan faɗa. Darajar takobi tana wuri uku ne, kuma duk ukun ido bai cika kai musu ba: irin ƙarfen da aka ƙera shi da shi, da irin ruwan da aka ba ƙarfen, da yadda aka kafa shi cikin mariƙinsa. Su zan bi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in faɗi yadda ake gwada su.

Sassan takobi da ire-irensa

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san sunayen abubuwan. Dogon ƙarfen nan mai kaifi shi ake kira ruwan takobi. Inda ake kamawa shi ne mariƙi. Tsakanin ruwa da mariƙi akwai ƙarfe a gicciye mai tsare hannu, a ƙarshen mariƙi kuma akwai ƙululu. Gidan da ake sa shi sunansa kube, igiyar da ake rataya shi da ita a kafaɗa kuwa hamila. Akwai kuma wani sashe da ba a gani, watau ragowar ruwan da ta shige cikin mariƙi. Ita zan riƙa kira wutsiya a cikin wannan bayani.

Takobin da muka saba gani a ƙasar Hausa da ƙasar Abzin miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, bakinsa a ɗan zagaye. Tsawon ruwansa galibi tsakanin santimita 75 ne da 85. Mutanen da sun ba kowane iri sunansa. Mai faɗin ruwa shi ne fatefate. Wanda ba shi da zane ko ɗaya a jikinsa dunhu ke nan. Mai layi uku a tsawon ruwansa sunansa tamogashi. Lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya kuwa bisalami. Har mai araha ma sun ba shi suna, suna ce da shi tama. Ashe ke nan tun zamanin kakanninmu akwai takobin mai hali da na marar hali, kuma kowa ya san wanda ya saya.

Takobi ba aikin mutum ɗaya ba ne, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maƙerin baƙi ke ƙera ruwa, maƙerin fari ke yi wa mariƙi adon tagulla ko azurfa, baduku ke ɗinka kube da hamila. Don haka kyan kube shaida ce ga gwanintar baduku kaɗai. Bai faɗi kome game da aikin maƙeri ba.

Inda ƙarfen yake fitowa

A zamanin da, hanya biyu ƙarfen takobi yake zuwa. Ta farko ita ce tama, watau dutsen ƙarfe da ake haƙowa a nan ƙasar, a narka shi da gawayi. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai, har labarin kafuwar Kano ma yana ambaton maƙeran da suka zauna gindin Dala don neman tama. Sai dai ƙarfen da ke fitowa daga irin wannan narki ba ya zuwa bai ɗaya. Wani wurin tauri, wani wurin laushi, ga kashin ƙarfe a cikinsa, sai gwanin maƙeri ya yi ta duka yana ninkawa kafin ya gyaru.

Hanya ta biyu ita ce ta Hamada. Fatake sukan ɗauko ruwan takobi tsura, ba mariƙi ba kube, daga Tarabulus su biyo da shi ta Gadamas da Agadas har Kano, a nan a yi masa mariƙi da kube irin namu. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya sauka Kano a shekarar 1851. Ya kiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa kasuwar Kano kowace shekara, kowane a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, wani gari a Jamus wanda har yau ya shahara da ƙirar wuƙaƙe da almakashi.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a shekarar 1911, sai al'amari ya sake. Ƙarfen Turai da tsofaffin ƙarafan jirgi, daga baya kuma na mota, suka yi yawa suka yi araha, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yau maƙeri daga cikin tsofaffin ƙarafa yake zaɓen abin aikinsa. Wani ya zaɓi sifirin mota, wanda ƙarfe ne nagari. Wani kuma ya yanko irin ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga da shi, domin shi ya fi sauƙin aiki. Idan an goge su duka biyu suka yi ƙyalli, ido ba ya raba su.

Abin da ke sa ƙarfe tauri

A darasin kimiyya an koya mana cewa tsantsar baƙin ƙarfe abu ne mai laushi. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne wani sinadari da ake kira kabon, wanda shi ne asalin gawayi. Abin mamaki, ɗan kaɗan ake bukata. Ƙarfen ƙofa da taga kabon ɗinsa bai kai kashi 3 cikin 1,000 ba, don haka ko an yi masa ban ruwa ba ya yin taurin kirki. Ƙarfen da ya dace da takobi yana da kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 1,000. Idan kabon ya haura kashi 20 cikin 1,000 kuwa, an shiga ƙarfen zubi, irin na tsohon dutsen guga mai gawayi, wanda in ya faɗi da ƙarfi fashewa yake yi.

Masana'antu sun ba ƙarafa lambobi, kuma masu sayar da takubban waje, a kanti ko ta intanet, sukan rubuta su. A tsarin Amurka, lambobi biyu na ƙarshe su ke nuna yawan kabon. Ƙarfe mai lamba 1045 yana da kashi 4 da rabi cikin 1,000, shi ne na ƙasa a cikin waɗanda za a iya yin takobin aiki da su. Mai lamba 1060 yana da kashi 6, ya haɗa tauri da juriya. Mai lamba 1095 yana da kashi 9 da rabi, yana riƙe kaifi sosai, amma in an kuskure wajen ba shi ruwa sai ya tsage. Mai lamba 5160 kuwa shi ne irin wanda aka saba yin sifirin mota da shi, yana lanƙwasa ya dawo ba ya gajiya.

Akwai kuma ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin na cokula da wuƙar ɗakin girki. Abin da ke hana shi tsatsa wani sinadari ne mai suna kuromiyom, wanda ake zuba masa fiye da kashi 10 cikin 100. A gajeriyar wuƙa ba shi da laifi. Amma takubba masu araha da ake yi da shi na rataye ne a bango kawai, domin in aka doki abu mai tauri da su suna iya karyewa, guntun ya yi tsalle ya sami na kusa.

Ban ruwa

Ko da ƙarfen nagari ne, in ba a iya ba shi ruwa ba aikin banza ne. Ga yadda abin yake. Maƙeri yakan sa ruwan takobi a wuta, ana zuga, har ya yi ja, zafinsa ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Akwai alama mai sauƙi, domin da ƙarfe ya kai digiri 770 maganaɗisu ba ya ƙara kama shi. Daga nan sai a tsoma shi nan take cikin mai ko ruwa. Wannan sanyaya ta farat ɗaya ita ke sa shi tauri, amma taurin gilashi ne, mai karyewa.

Saboda haka sai a sake ɗumama shi a hankali, da zafin da bai kai na farko ba, tsakanin digiri 200 da 400. Gogaggen ƙarfe yakan sake launi yayin da yake ɗaukar zafi, ya fara da ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar busasshen kara, ya bi ta ja mai duhu, ya kai shuɗi a wajen digiri 300. Da wannan launi gwanin maƙeri ke sanin inda zai tsaya. Wannan mataki na biyu yana rage taurin kaɗan, ya ba ƙarfen juriya.

To, ɗumama ƙarfe mai tsawon hannu bai ɗaya daga gindi har baki abu ne mai wuya, yana cin gawayi da lokaci, kuma wani lokaci ruwan yakan karkace a ɓata aikin. Shi ya sa mai son ya yi takubba da yawa cikin gaggawa kafin Salla yakan tsallake ban ruwa ɗungum. Wanda ba a ba shi ruwa ba, in ya lanƙwashe sai ya zauna a lanƙwashe. Wanda aka ba ruwan farko aka hana shi na biyu, karyewa yake yi. Na ƙwarai shi ne wanda yake rusunawa ya miƙe da kansa.

Wutsiyar da ke cikin mariƙi

Wannan shi ne wurin da ya fi haɗari, kuma shi mai saye ya fi mantawa da shi. A takobin ƙwarai, wutsiya da ruwa ƙarfe ɗaya ne. Tana da ɗan faɗi, ta ratsa mariƙi ta ɓullo ta ƙululu, an dake kanta ya baje ya riƙe kome da kome. A na banza kuwa, sai a yanke ruwan daidai bakin mariƙi, a liƙa masa siririn ƙarfe kamar ƙusa da walda, ko kuma a cusa guntuwar wutsiya cikin itace a sa gam.

Mu tuna yadda ake yi a wajen hawa. Mahayi ya sako doki a guje, ya zare takobi ya ɗaga sama yana jinjina, ga jama'a maƙil hagu da dama, yara a gaba. Idan waldar nan ta ɓalle, mariƙi ne zai saura a hannunsa, ruwan kuwa ya tafi inda ba wanda ya aike shi. Ko takobin da ba a wasa ba, ƙarfe ne mai nauyi da baki. Don haka duba wutsiya kiyaye rai ne, na mai takobin da na 'yan kallo.

Gwaji a gaban mai sayarwa

Kafin kowane gwaji a nemi izinin mai kaya, a kuma tabbata ba kowa kusa. Dillalin da ya hana a zare takobi daga kube a duba, a bar masa kayansa.

Na farko, a ɗaga takobin a kalli tsawonsa daga mariƙi zuwa baki, kamar yadda kafinta ke duba katako. A ga ko miƙaƙƙe ne, ba murɗiya. A lura da kaurinsa. Na ƙwarai ya fi kauri a gindi, yana sirancewa a hankali zuwa baki. Wanda kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, daga farantin ƙarfe aka yanko shi aka gurje gefensa.

Na biyu, a ji nauyinsa. Takobin hannu ɗaya bai cika wuce kilo 1 ba, in ma ya wuce da kaɗan ne. Mutane da yawa suna zaton nauyi shi ne ƙarko, alhali kuwa nauyin da ya rinjayi baki gajiyar da hannu kawai yake yi. Layukan nan da ake kwarmatawa a tsawon ruwa ma amfaninsu ke nan, rage nauyi ba tare da an rage ƙarfi sosai ba. A duba su, in sun miƙe sumul da zurfi bai ɗaya, hannun gwani ne.

Na uku, a riƙe mariƙi a girgiza a hankali, a ɗan bugi ƙululu da tafin hannu. In an ji wani abu yana kwaramniya ko motsi, akwai matsala a ciki. A duba ƙarshen ƙululu a ga kan wutsiyar da aka dake. In noti aka gani an ɗaura, a roƙi mai kaya ya kwance a ga abin da ke ciki, domin sau da yawa a ƙarƙashin irin wannan notin ake samun ƙusar walda.

Na huɗu, a kafa bakin takobin a kan katako a ɗan danna, ya rusuna kaɗan, kamar faɗin yatsu uku, sa'an nan a saki a sake duba miƙewarsa. In ya koma daidai, ya sha ruwa. In ya zauna a karkace, ɗanye ne. Kada a matsa da yawa, kada kuma a yi wa tsohon takobi wannan gwaji.

Na biyar, in sabo ne kuma mai shi ya yarda, a ɗan goga magagari a gefen ruwan kusa da mariƙi. In magagari ya ci shi cikin sauƙi kamar ana gurzar ƙusa, ƙarfen mai laushi ne. In ya kama da ƙyar, madalla. In kuwa ya zame sam bai kama ba, taurin ya yi wa dogon ƙarfe yawa.

Akwai gwaji biyu da mutane ke ba su muhimmancin da ya wuce nasu. Ɗaya shi ne amo. Idan an ƙwanƙwasa ruwa ya yi ƙara mai tsawo, abin da ya nuna shi ne ba tsaga kuma mariƙi a ɗaure yake, amma ƙarfe mai laushi ma yana amo. Ɗayan shi ne maganaɗisu. Yana tona asirin takobin alminiyom, domin ba ya kama shi, amma yana kama ƙarfen ƙofa da na sifirin duka ɗaya.

Hatimi da tsufan ƙarya

A jikin tsofaffin takubba akan ga hatimi, kamar jinjirin wata biyu masu fuska, ko zaki, ko kyarkeci a guje. Dillali yakan nuna shi ya ce ga shaida, wannan na Jamus ne. A yi hattara. Shi kansa hatimin kyarkecin asalinsa na maƙeran garin Passau ne, maƙeran Solingen suka kwaikwaya don ya jawo musu kasuwa. Da takubban suka ƙetaro Hamada mutane suka so hatimin, sai maƙeran wannan yanki su ma suka riƙa buga irinsa a kan nasu. Ke nan hatimi shi kaɗai ba ya zama hujja, sai an haɗa shi da kyan ƙira da halin ƙarfen.

Haka kuma tsufa. Akwai masu jiƙa sabon takobi da ruwan gishiri ko ruwan batir, ko su binne shi, don ya yi kama da na da. Irin wannan tsatsa ja ce, tana kwance bai ɗaya ko'ina, tana kuma bin hannu. Tsufan gaskiya duhu ne mai santsi, kuma yana tafiya tare da alamun amfani: mariƙi ya sha hannu ya yi sulɓi, kaifi ya ci saboda yawan wasawa, fatar kube ta bushe ta yi duhu a wuraren da take gogar jiki. Amma kada sabon kube ya sa a raina takobi, domin kube yakan mutu a sake wani sau da yawa ruwan yana nan.

Ana kuma kawo waɗansu daga waje masu zane kamar igiyar ruwa a jikinsu, a ce ƙarfen Dimashƙa ne. A masu araha, sau da yawa zanen a sama kawai yake, ko kuma an haɗa ƙarafan da ba a san irinsu ba. Zane ba ya ƙara wa takobi ƙarfi.

Wanne ya kamata a saya?

Amsar tana ga abin da za a yi da shi. Wanda yake son na rataya a bango, ba laifi ya sayi mai laushi mai kyan kube, muddin an gaya masa gaskiya kuma ya biya kuɗin da ya dace da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda zai hau da shi kuwa, wutsiya ce farkon abin dubawa, kuma ba ya bukatar kaifi ko kaɗan. Wanda yake son ya tara don sanin tarihi da sana'a, gara ya sayi guda ɗaya nagari da ya tara biyar na banza.

Hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya je wurin maƙeri da kansa, tare da babba wanda ya san abin. Ya tambaya da wane ƙarfe za a yi, ya ce sifirin yake so, ya roƙi a nuna masa wutsiya kafin a rufe ta da mariƙi. Ya rage kuɗin ado ya ƙara a kan na ƙarfe da ban ruwa, domin ana iya sake kube baɗi, amma ba a sake ruwa. Ya kuma ba da aikin tun Salla da nisa. Kafin nan, in ya sami hali, ya ziyarci gidan tarihi irin Gidan Makama a Kano ya kalli tsofaffin makamai da kyau, ya zaga layin masu kayan doki a Kasuwar Kurmi ya gwada wannan da wancan. Ido ma sai an koya masa, kuma matambayi ba ya ɓata.

Takobin gado

Ina roƙon iyayenmu su saurari wannan. Takobin da ke rataye a ɗakin kaka yana iya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙetaro Hamada tun kafin zuwan Turawa, ko aikin wani gwanin maƙeri da ya narka tamarsa da kansa. Abu biyu ke hallaka irinsa. Na farko shi ne mai zuwa ya ce a ba shi tsohon ya kawo sabo mai ƙyalli. Na biyu shi ne mai kyakkyawar niyya da zai kai shi wurin injin gurza ƙarfe ko ya bi shi da samfefa don ya yi haske ranar Salla. Cikin minti kaɗan hatimi da layuka da duhun shekaru sun tafi, ba kuwa za su dawo ba.

Akwai kuma doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a shekarar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba, ta kuma hana cinikinsu sai da wanda hukuma ta amince masa. Kayan sana'ar gargajiya da aka yi a ƙasar nan kafin shekarar 1918 suna cikin abin da dokar ta ambata. Saboda haka mai fara tarawa ya tsaya ga sababbin ƙira, na gado kuwa a bar shi a gidansu.

Kula da shi ba wuya. A goge shi da tsumma mai laushi duk lokacin da aka taɓa ruwan, domin gumin hannu yana da gishiri. A shafa masa man keken ɗinki kaɗan, ban da man gyaɗa, wanda yake daskarewa ya yi danƙo. Da damina a riƙa zare shi ana dubawa, domin fata tana riƙe laima. A rataye shi inda hannun yara ba ya kai. Mu kuma 'yan makaranta, aikinmu shi ne mu zauna gaban tsofaffi da takarda da alƙalami mu tambaya: na wane ne, a ina ya samo shi, wane hawa aka yi da shi? Takobin da aka san labarinsa ya fi wanda ba a sani ba daraja nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, takobi a wannan zamani kayan ado ne da tarihi. Ba abin kawowa makaranta ba ne, ba kuma abin wasa da ƙanne ko yawon dare ba ne. Mun ga yadda sara da suka ya lalata rayuwar samari da yawa a garuruwanmu, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya san wahalar da maƙeri ya sha a bakin wuta kafin ƙarfe ya rusuna ya miƙe, zai girmama abin da ke hannunsa. In za ku saya, ku zare shi daga kube tukuna, ku duba ƙarfe, ku duba ruwa, ku duba wutsiya, sa'an nan ku yi ciniki.